Ɗan Rakiya

Sana'ata ɗaukar hoton biki ce a Hadejia, amma abin da raina ke so kango ne. Duk inda aka ce ga tsohon ginin da aka watsar, sai na je da kyamarata. Abokai na cewa rashin aikin yi ne. Ba su san tun rasuwar matata Rahmatu ba na iya zama wuri ɗaya ba.

Wata Alhamis bayan la'asar, Fannami masunci ya tsallaka da ni a kwalekwale zuwa wani tsohon asibiti a bayan Auyo, wanda ambaliya ta kori mutanensa shekaru da yawa.

"Ka fito kafin rana ta faɗi, Malam Sunusi," in ji shi. "Ni iyakata bakin ruwa."

Ciyawar kachala ta cinye filin. Shatin ruwa a bango ya kai ƙirjina. Ko'ina warin laka da kashin jemage. A ɗakin kwanciya gadajen ƙarfe suna jere, tsatsa ta ci su, a ƙarƙashin ɗaya har da kwanon sha a kife. Wurin ya ba ni tausayi. Na yi ta ɗauka har na manta da kaina.

Sai da hasken taga ya yi ja na farga. Na rataya kyamara, na ce da wasa, "To masu gida, ni zan koma."

Gado ɗaya ya yi ƙara, irin ta wanda ya tashi zaune.

Na fita baranda. A bayan takuna akwai wani taku. Silifas ne, ana jan ƙafa ɗaya.

Na tsaya. Ya tsaya.

Kwaɗi suka yi tsit. Warin man zafi ya cika mini hanci. Dab da kunnena muryar tsoho ta ce, a hankali, "Bari in taka maka. Ba a zuwa duba mu."

Ban waiga ba.



Na zura da gudu cikin kachala, tana yankar hannuwana, har na faɗa kwalekwale. Fannami ya sa gora ya tura. Sai da muka yi nisa ya dubi gefen jirgin, inda ruwa ya kusa kai bakin katako.

"Da muka zo bai nutse haka ba," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "An rako ka?"

Na gyaɗa kai.

"Ka ce ya koma?"

"Gudu na yi."

"Haba Malam! Ko mutum ne ya rako ka, ai tsayawa kake ka ce, na gode, a koma haka. In ba ka sallame shi ba, ta ina zai juya?"

"To in faɗa yanzu."

"A tsakiyar ruwa? Sai dai a ƙofar da ya fito."

Hotunan ba su nuna komai ba sai gadaje. Amma takun bai rabu da ni ba. Yana bina kasuwa, yana bina gidan biki. In na shiga masallaci ya jira a waje. Na rame, barci ya yi mini wuya. Sau uku Fannami yana aikowa cewa ruwa ya janye, in zo in mayar da baƙon kafin ya ƙarasa ni.

Da rani na je, da tsakar rana, har ƙofar asibitin. Takun ya tsaya a bayana yana jira. Na san abin da zan faɗa, na haddace shi tun a hanya.

Na leƙa ɗakin, na ga gadon nan da ya yi ƙara, ba kowa kusa da shi, cikin duhu. Na dubi doguwar hanyar da zan bi ni kaɗai in na sallame shi, ba motsin kowa a bayana.

Na juya wa ƙofar baya.

"Mu je gida, Baba," na ce.