Baƙin Tulun Poli

Kwana tara da binne Léon, 'yarsa Mireille ta rantse sai ta kwashe ɗakin tarkacensa kafin gari ya waye. Shekara talatin ya yi yana bin ƙauyukan duwatsu yana tara tsofaffin tuluna, wuƙaƙe da ƙararrawa, 'ya'yansa kuwa suna kwana a falo. Tana cusa kaya a buhu tana masifa ita kaɗai.

Wajen ƙarfe ɗaya aka ɗauke wuta. Sai ta ji gyaran murya a bakin ƙofa. Wani gajeren tsoho ne tsaye, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali garin Garwa ya yi wata biyar bai ga ruwan sama ba.

"'Yata, ina baƙin tulun nan na garin Poli?"

"Baba, mai tuluna ya mutu!" in ji Mireille. "Bai san shekaruna ba, amma ya san na kowane kasko. Gobe duk bola za su."

"Mutumin kirki ne," in ji tsohon. "Kullum da safe sai ya gaishe ni, ya ɗiga mini burkutu. Ke kuwa kin kife ni, kin ɗora mini ƙarfe a ka."

"Na kife ka? A ina na taɓa ganinka?"

Ta haska fuskarsa da fitilar waya. Bakinsa a rufe yake gam.

"Ɗaga ni," aka ce, da murya mai zurfi kamar daga cikin rijiya.

Daga buhun da ke bayanta muryar ta fito.