Wanka Kafin Shiga Ɗaki

Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 2002, da ƙarfe biyar da rabi na yamma, Salissou ya dawo gidansa na unguwar Gurda a birnin Sabha daga wurin gini, jikinsa fari fat da siminti. Tare da shi akwai yayansa Seydou, direban babbar mota, wanda ya iso Sabha daga Agadez a ranar.

Matarsa Fassouma ta durƙusa ta gaida Seydou, sannan ta tsaya a bakin ƙofa, ta nuna wa mijinta bokitin ruwa.

"Maigida, wanka tukuna. Ga kayan canji can."

Haka suka saba tun da likita ya ce 'yarsu Hindatou tana da asma, kuma ƙura da hayaƙi ne ke tayar mata da ita. Salissou ya fara bayani, Seydou ya katse shi.

"Ashe gaskiya direbobi ke faɗa. Mace ta tsayar da kai a waje kamar mai talla? Ko ka shiga haka, ko in kai wa Inna labari. Ka san kuma saki za ta ce."

"Yaya, ba raini ba ne, ƙirjin yarinyar ne," in ji Fassouma, idonta cike da hawaye.

"Da ƙanena nake magana."

Salissou ya dubi matar da ta ƙetare Sahara dominsa, ya sunkuyar da kai, ya shiga. Hindatou ta rugo da murna, ta cusa fuskarta cikin rigarsa.

Kafin shayi ya tafasa, tari ya sarƙe ta. Ƙirjinta na fito, ta kasa ko kiran uwarta. Fassouma ta zaunar da ita a miƙe, ta girgiza maganin shaƙa, ta fesa mata, ta dakata, ta ƙara.

"Cire rigar nan! Bai lafa ba, sai asibiti," in ji Fassouma ga mijinta.

Seydou ne ya fita a guje ya taro tasi.

Da numfashin yarinyar ya daidaita a asibiti, Salissou ya ce, "Yaya, na bi maganarka, ka ga inda ta kai mu. Wadda ta tsare min ƙofa saboda ran 'yata, ita ce mai sona."

Seydou ya juya wajen Fassouma.

"Ƙanwata, ki yafe mini."

Washegari aka sallami Hindatou. Maganar saki ba ta kai Agadez ba, auren Salissou da Fassouma ya ci gaba.