Saran Da Bai Sauka Ba

Rana ta yi ja a kan dajin, kaji sun fara shiga akurki, Inna Muslimat tana tsakar gida tana kwashe tuwo, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ta ɗaga kai. Babu kowa a kan katanga, babu kowa a lungu. Na biyu ya faɗa cikin tukunyar miya. Na uku ya gangara a hankali, ya tsaya a ƙofar ɗakin da Na'ima ke takaba.

Na'ima matar ɗanta ce, Sadisu, wanda 'yan bindiga suka kashe a gonarsa ta Kakangi wata biyu da suka wuce. Tana gonar a ranar. Sai washegari aka tsince ta kwance cikin dawa, fartanya a hannunta na dama, da ƙyar aka ɓamɓare yatsun. Ba ta yi kuka ba. Masu gaisuwa suka yi ta yabon haƙurinta. Da suka yi gudun hijira zuwa cikin Birnin Gwari, Inna ta hana ta taɓa ko tsintsiya. Kullum maganar ɗaya ce: "Zauna ki huta, 'yar nan."

Inna ta leƙa ɗakin. Na'ima na zaune a tabarma, idonta a buɗe ba ya ƙiftawa, hannunta na dama yana tashi sama shi kaɗai, yana rawa. Wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Na san wanda ya nuna musu hanyar gonar."

Dabo, ƙanen mamacin, ya shigo da gudu ya danne ta, suka ɗaure hannun da ɗankwali a ƙafar gado. Haka suka riƙa yi kowace magariba.

Inna ba ta aika wa kowane malami ba. Da an fara jifa sai ta ajiye muciya, ta je ta durƙusa kusa da bakin yarinyar.

"Wane ne? Faɗa mini sunansa."

"Gobe, tsohuwa," in ji muryar, tana dariya.

Dabo kuwa yana zaure yana goge bindigarsa, yana jiran sunan nan. Kwana goma sha biyu ana haka. Haƙoran Na'ima suka datse, kunu ma sai da cokali ake ɗura mata, ɗaurin ya ci wuyan hannunta. Maƙwabta ne suka gaji suka ɗauko Malam Nu'uman daga Tsohon Birnin Gwari.

Ya iso da la'asar sakaliya. Tun daga bakin layi ya sa aka kashe babur, ya ƙaraso da ƙafa, don an gaya masa ƙarar babur na sa Na'ima sandarewa. Ya daɗe zaune yana kallon kafaɗunta da yadda numfashinta ke tsayawa a ƙirji. Sannan ya fara karatu. Bai yi nisa ba jikin ya banƙare.

"Malam, rage murya, ba kurma ba ne ni."

"Wane ne kai?"

"Marken da ke tsakiyar gonar, shi ne gidana tun ba a yi wa kakanka kaciya ba. Ina kallo aka kwantar da mijinta. Ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya tsaya ya ba ta ƙeya, taku ɗaya tsakaninsu. Ta ɗaga fartanya. Da ta sara, da sauran sun yi mata ruwan harsashi. Ni na riƙe hannun, na danne ta, na kulle mata baki. Saran yana nan cikin hannun, bai sauka ba. Sai ya sauka a kan wani zan tafi."

"Ranar ka taimake ta. Yau cin ta kake yi."

Malam ya juya wajen Inna. "Iya, na yi kiwo kafin in yi karatu. Saniyar da ta kuɓuce wa kura, tsayawa take ta yi ta karkarwa har tsoron ya fita daga namanta, sannan ta koma cin ciyawa. Wannan baiwar Allah jikinta bai san an bar gonar ba. Kun zaunar da ita, hannun ya motsa kun ɗaure. Inda aljanin ya samu wurin zama ke nan."

Kan Na'ima ya juyo a hankali. "Tsohuwa, ƙyale shi. Bar ni zuwa ƙarshen takaba, in ba ki suna har da na ubansa."

"Ba za ta kai ba," in ji Malam. "Kuma duk sunan da ya faɗa, gaskiya ko ƙarya, ga mai bindiga can a zaure."

"To ɗana fa, Malam?" Muryar Inna ta tsage. "Ni na rufe masa ido. Wanda ya sayar da shi yana nan yana cin tuwo, watakila har gaisuwa ya zo mini, na ba shi ruwa!"

"Allah ya san shi. Ni ba zan zaɓa miki ba. Ga ta, ga sunan."

Inna ta ji sunan kamar yana bayan haƙoran nan, saura kaɗan ya faɗo. Ta dubi wuyan hannun, ƙuda na bin gyambon. Wata biyu tana ce wa kanta tausayi take yi. Ta sunkuya, ƙullin ya ƙi kwancewa, ta sa haƙori.

Malam ya ce a kawo turmi da taɓarya, a zuba dawa. Aka tsayar da Na'ima a tsakar gida.

"Kai kuma," in ji Malam, "ka rantse idan saran ya sauka za ka fita."

"Na rantse. Amma da sunan zan tafi, tsohuwa, har ki mutu ba ki ji shi ba."

Inna da kanta ta damƙa taɓaryar a hannun Na'ima.

"Na'ima," in ji Malam a hankali, "ji ƙasa a tafin ƙafarki. Nan gida ne. Saki numfashi. Yanzu bar hannun ya yi abin da ya tashi yi."

Hannun ya tashi, ya daɗe a sama yana rawa. Da ya sauka sai da kaji suka watse. Ta ƙara. Ta ƙara, dawa na tsalle, wani ihu na fitowa daga cikinta wanda ba na aljani ba ne. Turmin ya tsage daga baki. Ta yi atishawa sau uku, ƙafafunta suka kama karkarwa, ta zube ƙasa. Dabo ya zabura.

"Kada ka taɓa ta!" in ji Malam. "Bar shi ya fita."

Ta yi ta karkarwa har aka kira salla. Sannan ta ja dogon numfashi, hawaye suka ɓalle.

"Inna, ban sare shi ba. Ina kallo, ban yi komai ba."

"Da kin yi, da gawa biyu muka binne."

Malam ya fita masallaci, ya ja Dabo suka tafi tare. Inna ta tsaya ita kaɗai a kan turmin, ƙirjinta na tafasa, ga shi babu wanda za ta tsine wa. Ta ɗauki taɓaryar ta maka. Ta sake makawa. Ɗan fari ne, sunan kakansa aka mayar masa, shekara talatin da biyu kunya ba ta bar ta ta kira shi da sunansa ba ko sau ɗaya. A bugu na uku bakinta ya buɗe, har na bayan katanga suka ji.

"Sadisu!"