Silifar Kolo

Ana saukowa daga masallacin Juma'a Ndako Jiya ya faɗo caji ofis, hula a hannu. An kwance masa injin jirgin ruwa a bakin kogin Kwara.

"Lambarsa nawa?" Sufeto Tsado ya tambaya.

"Yallaɓai, injin da ya girmi 'ya'yana? Lamba ta goge. Amma yana yoyon fetur a bakin tiyo, inda yake shiga inji. Shekara uku ina ɗaure shi da roba." Ya nuna wajen kogi. "Surukata na tsallaken kogi, cikinta yau ko gobe, asibiti kuwa yana nan ɓangaren. Da filafili awa biyu ne."

Washegari da hantsi Sufeto da kofur ɗinsa suka sauka bakin ruwa, rumfar Kolo bakanike.

"Wa ya kawo maka gyaran bakin tiyo?"

"Ni? Tun jiya ko sifana ban taɓa ba."

Ƙafar Kolo kawai Sufeto yake kallo. Silifarsa ta dama, shuɗiya, tana da sabon huji zagayayye a dunduniya.

"Ɓera ne ya ci takalmin naka?"

Kolo ya yi wuri-wuri, gumi ya keto masa. "Wallahi tsoro na ji. Saba mai jirgin doya ne ya kawo kan tiyon shi kaɗai, wai na injin ban-ruwa ne. Robar cikinsa ta cinye, irinta kuwa an daina sayarwa. Shi ne na yanko masa a silifata."

Suka tafi da Kolo da Ndako, suka tarar da Saba yana lodin doya, ga inji a bayan jirginsa da koren fenti da ko bushewa bai gama yi ba.

"Nawa ne, Yallaɓai. A Lakwaja na saya bara."

"Ya taɓa yi maka yoyo?"

"Ko ɗigo!"

Sufeto ya tsuguna ya zare kan tiyon, ya sa tsinke ya ciro 'yar shuɗiyar roba. Ya karɓi silifar Kolo ya ɗora ta a hujin. Ta zauna daram.

Saba ya ajiye doyar hannunsa. "Ni na ɗauka," ya ce a hankali. "Nawa ya buga, ga kasuwa gobe. Ina tayar da shi ya jiƙe ni da fetur."

Kofur ya buga masa ankwa. Kolo ya mayar da robar, aka ɗaura injin a jirgin mai shi. Ndako, wanda tunda yake bai taɓa yarda wani ya sa wa injin nan hannu ba, ya matsa famfon tiyon sau uku ya ja igiya. Inji ya tashi. Ya shafa bakin tiyon ya shinshina yatsarsa. A bushe take.

Tsohon ya kama hannun Sufeto da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. "Allah ya raba ka da ranar kunya, ɗana. Kolo, takalminka na wuyana."

Sai ya ɗaga murya ga Saba, da ake hawa gangare da shi.

"Kai Saba! Sata dai kai da alƙali. Amma gyaran nan, na gode!"

Bai jira dariyar mutane ta lafa ba, ya juya kan jirgi ya nufi tsallake ɗauko surukarsa.