Ƙwayar Inna Zainaba

Ku yaran yanzu, da kun iya haɗa baƙi biyu a lakwal, wato makarantar boko, sai ku ɗauka kun zama likitoci. Ku zauna ku ji.

Shekarar da fari ya ƙone hatsi a Gaffati da Droum, akwai wata yarinya a Birni. Tana zaune da kakarta, Kolo. Kullum Kaka takan je bayan gari tsinkar ganyen jiga, don a ƙara wa ɗan geron gida auki. Tafiyar ta kumbura mata gwiwa. Tana kuma da hawan jini. Likita ya riga ya hana ta shan kowane magani sai wanda ya rubuta mata.

A unguwarsu kuwa, magani kamar gishiri yake, ta kan katanga ake miƙa shi. Maƙwabciyarsu Zainaba tana da ragowar ƙwayar ciwon baya.

"Inna Zainaba, sam mini in ba Kaka."

"Ungo, ƴata. Ni dai ta yi mini aiki."

Yarinya ta duba kwalin, ta ce, "Kaka, na karanta. Ta ciwon gaɓoɓi ce."

"Likita fa ya hana ni."

"Ai wannan ma likita ya rubuta ta. Haba Kaka, ni da nake aji biyar?"

Kaka ba ta yi karatu ba, sai ta haɗiye. Gwiwa ta lafa. Yarinya ta ci gaba da ba ta safe da yamma, har mako uku.

Wata safiya ƙwarya ta suɓuce daga hannun Kaka. Bakinta ya karkace, magana ta ƙi fita. Aka ruga da ita asibiti.

Likita ya ga kwalin. "Wa ya ba ta wannan?"

"Ni ce, a wurin Inna Zainaba na karɓo," in ji yarinya, tana kuka.

"Wannan ƙwaya tana kashe ciwo, amma tana ƙara hawan jini. Ga mai irin ciwon kakarki, tana iya taɓa zuciya, ko ta shanye ɓarin jiki. Don Zainaba aka rubuta ta."

Allah ya taimaka, an kawo ta da wuri. Bayan wata biyar Kaka ta riƙe ƙwaryarta da kanta, har tana yi wa jikarta tsiya: "Sannu, likita!"

Maganin da aka rubuta wa wani ba naka ba ne, ko da ciwonku ya yi kama.

Yarinya kuwa, wata biyar ɗin nan ita ce jinya, ita ce tsinkar jiga. Jarrabawa ta wuce ta. Ƙawayenta suka shiga aji shida, ita ta maimaita aji biyar.