Dilon da Bai Gama Jiƙa Ba

A wani ƙauye kusa da Cadawa akwai wata yarinya mai suna Ummuhani. Tana ajin ƙarshe a lakol, wato makarantar bokon garinsu. Allah ya ba ta kai. In aka faɗi abu sau ɗaya, ta riƙe shi. Matsalar ita ce ta san da haka, kuma ba ta bari kowa ya manta.

"Ni ba ruwana da wahalar rubutu," haka take ce wa ƙawayenta. "Kaina ne kayena." Kaye kuwa shi ne littafin da 'yan lakol ke rubutu a ciki.

A shekarar nan damina ta ɗauke da wuri. Tun kafin zafi ya shigo sosai, rumbuna suka koma wayam. Maza da yawa suka tafi cirani. Yara kuwa suna zuwa lakol babu komai a cikinsu sai ruwan kunu. In aka yi tambaya a aji, hannuwa kaɗan ke tashi, don ɗaga hannu ma ƙarfi yake so.

Malaminsu, Mushe Falalu (mushe ake kiran malami a lakol), mutum ne mai haƙuri. Wata safiya ya goge allo ya juyo.

"Yau zan koya maku bincike," in ji shi. "Kowa zai je wurin wani tsoho ko tsohuwa. Ku tambaye su abin da mutane suka ci a shekarun yunwa na da. Ku tafi da kaye da bik na rubutu. Ku fara rubuta rana da sunan mai ba ku labari. Yana magana, kuna rubutawa. Ba sai kun kama kowace kalma ba. Ku kama manyan abubuwa a gajarce."

Wani yaro mai suna Sabo ya ɗaga hannu. Benci ɗaya yake zama da Ummuhani.

"Mushe, in tsohon ya yi sauri fa?"

"Ka roƙe shi ya maimaita. In wani wuri ya shige maka duhu, ka bar gurbi, ka sa alamar tambaya. Kada ka cika gurbi da zato. In ka gama, ka karanta masa abin da ka rubuta, ya ce maka i ko a'a."

Sabo ya rubuta wannan duka a kayensa. Ummuhani ta yi hamma.

Shi Sabo ba shi da saurin ganewa kamarta, amma ba ya wasa da karatu. Babansa ya tafi cirani, shiru babu labari. Uwarsa takan fita tun da sassafe zuwa Cadawa ta yi wa mutane daka da wanki. Shi ke kula da ƙanwarsa Rukaiya, 'yar ƙarama mai manyan idanu, wadda kullum hannunta yana riƙe da gefen rigarsa.

Da la'asar Ummuhani ta tafi wurin Iya Baturiya, gwaggon babanta. Ta same ta a gindin itacen bedi tana saƙa faifai.

"Abincin yunwa kike tambaya?" in ji Iya. "Zauna, 'yar nan. Mu mun ci dilo."

"Mene ne dilo, Iya?"

"Ƙwayar anza. Kin san anza, ɗan itacen nan na daji wanda ganyensa ba ya bushewa ko da rani. Iyayenku ba su koya maku ba, don sun taso cikin ƙoshi."

Iya ta shiga bayani a hankali. Yadda ake tsinko 'ya'yan, yadda ake shanya su, yadda ake fitar da ƙwayar. Kayen Ummuhani yana kan cinyarta a rufe. Can waje 'yan mata suka fara tafi da waƙa. Kunnenta ɗaya yana wurin Iya, ɗayan ya riga ya fita ƙofar gida.

"Ba ki rubutawa?" Iya ta tambaya.

"Na riƙe, Iya."

"To, saurara da kyau, nan ne wurin da ba a wasa. Jiƙon dilo..."

Daidai lokacin wata ƙawarta ta leƙo ta yafito ta. Ummuhani tana ta gyaɗa kai, tana cewa to, to, amma ko kalma ɗaya ba ta shiga kanta ba. Iya tana rufe baki, ta yi godiya ta fice da gudu.

Kwanaki suka wuce ba ta taɓa kayen ba. Sai ana gobe za a karɓi aiki ta zauna a tabarma ta ɗauki bik. Tsinka ta tuna. Shanya ta tuna. Fitar da ƙwaya ma ta tuna. Da ta zo kan jiƙo, sai ta ji kanta fayau.

Ta ciji bik ɗin. Gidan Iya fa ba nisa. Amma ita Ummuhani, wadda ke cewa kanta ne kayenta, ta koma ta ce ta manta? Ai da kunya.

"Wake ma yini ɗaya ya ishe shi," ta ce a ranta.

Sai ta rubuta da kyakkyawan rubutunta: "A jiƙa dilo da safe, a tsame da yamma, a dafa a ci."

Washegari ta karanta a gaban aji. Muryarta tar, jimlolinta a tsare. Yara suka tafa mata.

"Aiki ya yi kyau," in ji Mushe Falalu. "Kin karanta wa Iya Baturiya ta amince?"

Ummuhani ta rufe kayenta. "I, mushe," ta ce.

Da aka fita shan iska Sabo ya matso kusa da ita.

"Anzar nan, ita ce wadda ke bayan tabki?"

"Ita ce."

"Ara mani kayenki in kwafa."

Ta miƙa masa tana hura hanci. Wasu yaran ma suka zo suka kwafa. Ko kusa ba ta tambayi kanta abin da yara masu jin yunwa za su yi da wannan rubutu ba.

Bayan 'yan kwanaki, wata safiya, wurin Sabo a benci ya zama babu kowa. Kafin a tashi labari ya zagaye lakol. Rukaiya ba ta da lafiya. Amai da gudawa sun kama ta, har ba ta iya ɗaga kai. An ɗora ta a amalanke an tafi da ita gidan likita a Cadawa.

Da aka tashi, Ummuhani ta bi ta ƙofar gidan su Sabo. Ta same shi zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Kayensa yana gefe.

"Sannu, Sabo. Me ya same ta?"

"Ban sani ba." Ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Jiya kuka take yi na yunwa. Inna ba ta dawo ba. Sai na dafa mata dilon da na tara."

Ummuhani ta durƙusa kusa da shi.

"Ɗaci gare shi," in ji Sabo. "Ni na kasa haɗiyewa. Na sa mata gishiri da ɗan ƙuli, ta ci. Amma ba shi ba ne, ko? Na bi shi daidai yadda kika rubuta. Na jiƙa da safe, na tsame da yamma. Duba ki gani."

Ya buɗe kayen. Ga kalmominta nan cikin rubutunsa, bai bar ko ɗigo ba.

"Ka gaya wa innarka abin da ta ci?"

"A'a. Ai abin da Iya ta faɗa ba ya cutarwa."

Ummuhani ta dubi rubutun. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. In ta yi shiru, ba wanda zai sani. In ta yi shiru kuma, mutanen likita ba za su san abin da ke cikin yarinyar ba.

Ta juya ta koma lakol da gudu. Mushe Falalu yana rufe ƙofar aji.

"Mushe, ƙarya na yi," ta ce tana haki. "Ban rubuta komai a wurin Iya ba. Ban karanta mata ba. Maganar jiƙon, ni na ƙago ta. Sabo ya dafa wa Rukaiya."

Mushe ya tsaya cak. Bai daka mata tsawa ba. Da ya yi mata tsawa ma da ta fi jin sauƙi.

"Su wa kuma suka kwafa?"

Ta lissafa masa sunayensu.

"Ni ma da laifina," in ji shi. "Abin da za a sa a baki, bai kamata in bar shi ya fita ajina ban tabbatar ba. Wuce mu je wurin Iya."

Da Iya Baturiya ta ji, sai faifan ya faɗi daga hannunta.

"Yini ɗaya? Innalillahi. Ke 'yar nan, na ce maki nan ne wurin da ba a wasa. Dilo kwana da kwanaki yake yi a ruwa. Ana zubar da ruwan ana sake sabo. Ɗacin nan shi ne cutar. Muddin harshe ya ji ɗaci, ba a ba ko babba, balle yaro."

Wannan karon kayen a buɗe yake. Hawayen Ummuhani yana ɗiga a takardar, amma ta rubuta. Ta karanta wa Iya. Iya ta ce, "Haka ne."

Mushe ya hau moto mai ƙafa biyu ya nufi Cadawa don ya gaya wa mutanen likita abin da yarinyar ta ci. Ummuhani kuwa ta bi gidajen yaran da suka kwafa, ɗaya bayan ɗaya. A kowane gida sai ta tsaya a gaban manya ta ce, "Abin da na rubuta kuskure ne. Kada a ci." A wani gida ta tarar an riga an jiƙa dilo a ƙwarya, ana jiran yamma. Matar gidan ta dube ta daga sama har ƙasa.

Gidan su Sabo ne na ƙarshe. Da ta gaya masa gaskiya, ya daɗe yana kallonta.

"Ni na ba ta da hannuna," ya ce a hankali. Ya shige gida ya bar ta tsaye.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata nauyi. Ba ta cin abinci, ba ta fita wasa. Duk amalanken da ta ji ƙararsa, sai ta leƙa waje.

"Inna, in Rukaiya ta mutu fa?" ta tambayi uwarta.

"Rai na hannun Allah," in ji Inna. "Ki yi mata addu'a. Kin yi babban laifi, ba zan ɓoye maki ba. Amma da kika faɗi gaskiya kin yi daidai."

Iya Baturiya ce ta aiko a kira ta.

"Zaman kuka ya isa," in ji tsohuwar. "Ɗauko kayenki. Za mu jiƙa dilo tare, ki gani da idonki."

Suka jiƙa. Kowace rana Ummuhani takan zo ta zubar da ruwan ta sake sabo. Sai ta rubuta rana, ta rubuta abin da ta gani. "Yau ruwan ya yi duhu. Na taɓa a harshe, ɗaci sosai." Washegari kuma, "Ɗacin ya ragu, amma yana nan." Wurin da ba ta gane ba, ta sa alamar tambaya ta tambayi Iya.

Suna cikin wannan aiki aka dawo da Rukaiya. Ta rame ƙwarai, wuyanta kamar sillen kara. Amma tana zaune da kanta a amalanke, hannunta riƙe da gefen rigar Sabo. Ummuhani ta durƙusa a gaban uwar yarinyar ta nemi gafara.

"Allah ya yafe mana duka," in ji matar. "An ce labarin da mushe ya kai ya taimaka. Tashi."

Ranar da ɗacin ya fita sarai, Iya ta tauna ƙwaya ɗaya, ta sake tauna wata, sannan ta ce ya yi. Suka dafa shi da ɗan mai da gishiri. Ummuhani ta ɗauki kwano ta kai gidan su Sabo.

Uwar Sabo ta ga abin da ke cikin kwanon, sai ta jawo Rukaiya jikinta. Ummuhani ba ta yi mamaki ba. Ta zauna, ta ɗebi loma ta ci a gabansu. Ta ƙara wata. Sannan ta miƙa wa Sabo kayenta.

Ya karanta shi tun daga farko, rana bayan rana. A ƙasan shafin ƙarshe ta rubuta: "Na karanta wa Iya Baturiya, ta ce haka ne." Ya ajiye kayen, ya sa hannu a kwanon. Ya tauna a hankali.

"Babu ɗaci, Inna," ya ce.

Ranar nan gidan su Sabo sun ci sun ƙoshi.

Da aka koma lakol, Mushe Falalu ya sa Ummuhani ta karanta sabon aikinta a gaban aji. Da ta gama ya ce, "Gaya masu abin da kika koya."

"Abin da aka gaya maka, ka rubuta shi nan take," in ji ta. "Abin da ba ka sani ba, ka bar gurbinsa ka koma ka tambaya. Kada ka rubuta zato, don wani zai karanta ya yarda da kai."

Ta koma benci ta zauna kusa da Sabo. Mushe ya ɗauki alli ya fara sabon darasi. Kafin ya gama jimlar farko, ta riga ta buɗe kayenta.