Katangar da Ojo Ya Gina Wa Tafki Na Bakwai

Ranar Litinin ce, saura kwana uku a buɗe taron. Hazo ya sauko daga gonakin shayi kamar kullum, an kira magariba, Enok, matar mai gidan, tana kwashe shinkafa, sai dutsen farko ya faɗo. Ta cikin rufin ya ratso, bai fasa komai ba, ya dira tsakiyar tabarma. Nengsih, 'yarsu tilo mai shekara goma sha tara, ta ɗauka, nan take ta yar. Jiƙe yake, da zafi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai irin na ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa a garinmu.

Mai gidan, Ojo Sutarsa, ko ɗago kai bai yi daga takardunsa ba. Shi aka zaɓa ya karanta tarihin garinmu Cihaneut a gaban likitoci da malaman jami'a da za su zo daga birnin Bandung taron cikar gidajen wankanmu shekara ɗari. Tun da aka ba shi aikin nan kansa ya kumbura, gaisuwa ma sai ya ga dama. A takardarsa ya rubuta cewa kakansa ne ya gano ruwan zafin yana farauta. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma kowane tsoho a garin ya sani. Nini Arsih ce ta gano shi, wata mai tsinkar shayi da aka kora daji saboda ciwon fata. Ta warke, kakan Ojo ya ji labari, ya fatattake ta, ya gina wa Turawan gonakin shayi ɗakunan wanka. Tafki ɗaya ya bari a baya, na bakwai, ba ƙofa ba mai gadi, don masu ƙazuwa da ciwon gaɓɓai su shiga kyauta. Shekara ɗari ba wanda ya taɓa shi, sai Ojo. Ya ce baƙi ba za su ci abinci suna kallon masu ƙuraje ba, ya zagaye shi da katanga, ya karkatar da ruwan zuwa ɗakunan masaukinsa.

Talata duwatsun suka kai bakwai. Bayan katangar kuma, inda tafkin ya bushe ƙamas, ana jin facal-facal da tari irin na tsofaffi. Enok ta ce wa mijinta, "Kang, ka ji kuwa?" Ya ce mata kwaɗi ne.

Laraba da magariba Nengsih ta ajiye cokali, ta zauna tsam. Gumi mai warin ruwan nan ya dinga tsattsafo mata. Da uwar ta taɓa ta, sai ta juyo da idanun da ba nata ba, ta ce da muryar ƙaton namiji, "Cire hannunki." Enok ko takalmi ba ta tsaya sawa ba ta tafi kiran Ajengan Toha, malamin da ke koyarwa a makarantar ƙasan tudu.

Tsohon ya zo, ya zauna, ya daɗe yana karatu a hankali. Can yarinyar ta gantsare.

"Kai tsoho, ya isa! Ƙona ni kake yi."

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Ubanta ne ɗan iska, jikan ɓarawo. Ni na nuna wa Arsih ruwan nan. Kakansa ya kore ta, na yi shiru saboda an bar wa marasa lafiya tafki ɗaya. Yanzu wannan mai ƙaton tumbin ya toshe shi, zai kuma hau mumbari ya shafe sunanta. A yanka min baƙar akuya tukuna."

"Ko kaza ba za a yanka maka ba. Jini na Allah ne. Faɗi haƙƙin da aka ci, in akwai."

Muryar ta yi gurnani. "To a fasa katangar yau. Ya kuma ɗau alkawari gobe zai faɗi sunanta a gaban baƙinsa. Sai in fita."

Duk suka dubi Ojo. Ya goge wuya, ya kalli takardunsa, ya matso kusa da malamin yana rage murya. "Ajengan, a lallashe shi mana. Ɗakuna sun cika, in ruwan ya ragu na shiga uku. Ya bari a tashi daga taron. Kwana uku ne fa kacal."

"Kang! 'Yarka ce a kwance!" in ji Enok.

Abin da ya shige ta ya ƙyalƙyale da dariya da bakin Nengsih. "Kwana uku? Na yarda. Amma ranar da zan fita, ko uwarta ba za ta gane ta ba."

Ojo bai ko motsa daga inda yake ba. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Enok ce ta miƙe, ta ɗauko gudumar magina a bayan kicin, ta fita. Sai da aka ji bugu na uku sannan Ojo ya bi ta, yana jan ƙafa. Lokacin da ruwan ya koma tafkinsa, Nengsih ta yi atishawa sau uku, ta zube jikin malamin tana kiran uwarta.

Washegari Ojo ya faɗi sunan Nini Arsih a taron, ciki-ciki. Abin haushi, baƙin suka miƙe suna tafi, wai mutum ne mai gaskiya, har da ba shi allon yabo. Ya dawo gida yana washe baki, ya tarar da Nengsih a baranda tana shan kunun shinkafa, ya miƙa mata allon.

"Neng, duba abin da ubanki ya samo."

Ba ta karɓa ba. Ta dube shi da idanunta na gaskiya, waɗanda ya sani tun tana jaririya.

"Abah, abin nan bakina ya karɓe jiya, bai karɓe kunnena ba. Na ji ka ce kwana uku ne kacal."

Ta ɗauki kwanonta ta shige ciki.